Cikin Bikili da Sabon Abinci

Dokin da nake kiwo a gidanmu na unguwar Mabera a Sakkwato ɗan Arewa ne, bikili, wanda na saya shekara 4 da suka wuce a hannun wani dillali da ke shigo da dawaki ta kan iyakar Illela. Ba mu raɗa masa wani suna ba, launin jikinsa ne ya bi shi, kowa yana ce masa Bikili. Doki ne mai lafiyar hawa, ba ya cizo, ba ya harbi, ƙaramin yaro ma yana iya kama ragamarsa ya zagaya da shi. Aibinsa ɗaya ne, kuma a cikinsa yake. Tun a watansa na farko a turke muka lura cewa duk ranar da aka sayo dusa a wani wuri dabam, ko aka kawo harawar da ba irin wadda ya saba ba, washegari kashinsa zai sake, ya yini kansa a sunkuye, yana shinshina abinci yana barinsa. Kawuna, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kula da dawaki a bargar wani basarake, shi ne ya fara gane haka, ya ce mini: "Wanga doki cikinai ba ya son baƙo. Abin da yas saba da shi, shi za ka riƙe mai."

Abin da ya saba da shi kuwa shi ne abincin dawakin ƙasar nan tun kaka da kakanni: dawa safe da yamma, dusar gero da ake ɗan jiƙawa, harawar wake, ingirici idan an samu, da ɗan kanwa lokaci zuwa lokaci. A kan wannan ya yi shekara 3 ba mu kira likita ba sai don allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki. Matsalar ta taso ne a bazarar bara, lokacin da harawar da na tara da kaka ta ƙare da wuri, wadda ake samu a Kasuwar Kara kuma ta yi tsada, ga shi yawancinta karare ne, ganyen ya kakkaɓe. Wanda ya san bazarar Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 kwana da kwanaki, ya san yadda take zuge dabba. Haƙarƙarin Bikili ya fara nunawa, gashinsa ya dushe, kuma ƙaramar Sallah saura mako 3, ni kuwa na ƙudurta zan hau. Wani abokina mai dawakin sukuwa ya ba ni shawarar abincin kamfani na buhu, irin wanda ake murzawa ƙanana-ƙanana, ya ce in haɗa da barzajjiyar masara, a cikin kwana 10 zan ga doki ya murje.

Abokin nawa bai yi mini ƙarya ba, domin nasa dawakin a kan wannan abincin suke, kuma suna da kyau. Kuskuren nawa ne, kuma sai daga baya na ƙirga na ga ba ɗaya ba ne. Ranar farko na ba shi rabi sabo rabi tsoho, rana ta biyu na janye dawar gaba ɗaya, na cika masa kwano da sabon abincin da masara har fiye da ma'aunin da ya saba. Na kuma rage harawa saboda tsadarta, ina ganin abincin buhun zai maye gurbinta. Sannan azumi ne, yaron da ke ba shi ruwa ya koma barcin hantsi, ruwan da a da ake ba shi sau 4 a yini ya koma sau 2. Bikili ya cinye sabon abincin da marmari, ya lashe kwanon tas, ni kuma na ɗauki wannan marmarin a matsayin shaidar cewa abincin ya karɓe shi.

A dare na uku, bayan mun dawo daga sallar asham, na ji ƙarar tono daga wajen turke. Da na haska fitila sai na gan shi yana kartar ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayar cikinsa kamar wanda ƙuda ke cizo, gumi ya jiƙe masa wuya da bayan kunnuwa alhali ba a hau shi ba. Ya durƙusa zai kwanta, ya fasa, ya miƙe ƙafafu kamar zai yi fitsari amma bai yi ba, sannan ya zube ya nemi birgima. Na aika aka taso Kawu. Da ya iso bai ce mini komai ba, sai ya kara kunnensa a kuiɓin dokin na dama, ya daɗe, ya zagaya na hagu, ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi da fitila, sannan ya dubi bayan turken inda babu sabon kashi ko ɗaya tun la'asar. Sai ya juyo ya ce: "Cikin ya yi shiru. Mi kab ba shi?" Na nuna masa buhun. Ya ɗebi kaɗan ya shinshina, ya mayar, ya ce a kwance dokin a riƙa zagayawa da shi a hankali, kuma a nemo likita yanzu, kada a bari sai safe.

Allah Ya sa muna garin da ba a rasa likitan dabbobi, tunda Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi da asibitinta, ɗalibanta da yawa kuma suna aiki a cikin gari. Wanda muka samu ya iso kafin sha biyun dare. Kafin zuwansa maƙwabta sun taru, wani ya ce a ɗura masa manja, wani ya ce ruwan kanwa, kuma na gode wa Kawu da ya hana. Likitan ya bayyana mana cewa idan aka ɗaga kan doki sama aka ɗura masa abu da ƙarfi, yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, a warkar da ciki a kashe dokin da ciwon huhu. Ya ƙirga bugun zuciyarsa ya samu 56 a minti ɗaya, alhali lafiyayyen doki a tsaye yana tsakanin 28 da 44. Ya yi masa allurar rage raɗaɗi, ya zura masa doguwar roba ta hanci har tumbi, iska mai tsamin wari ta fito, sannan ta cikin robar ya ba shi ruwa da man sassauta hanji. Ya ce kada a ba shi ko tsinken harawa sai ya yi kashi. Muka kwana a zaune ni da Kawu, ko sahur a bakin turke aka kawo mana. Ana kiran assalatu Bikili ya ɗaga wutsiya ya yi kashi mai laushi da wari, da ɓarɓashin masarar da ba ta narke ba a ciki.

Da likitan ya dawo da safe na roƙe shi ya fahimtar da ni abin da ya faru, kuma bayanin da ya yi ya sauya yadda nake kallon kwanon doki har yau. Tumbin doki ƙarami ne idan aka dubi girman jikinsa, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka, domin an halicce shi ne ya riƙa tsintar ciyawa kaɗan-kaɗan kusan awa 16 a yini. Ba ya tuƙa kamar saniya, kuma ba ya iya amai, saboda ƙofar tumbinsa tana da ƙarfin da abin da ya shiga ba ya komowa. Hatsi ana son ya narke ne a ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai mita 20. Ciyawa da harawa kuwa wucewa suke yi zuwa can baya, cikin wani babban aljihun hanji mai ɗaukar kusan lita 30 da kuma babban hanjin da ke biye da shi, inda wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, marasa adadi, suke ruɓar da su su mayar da su abin da jikin doki ke amfana da shi. Waɗannan halittu iri-iri ne, kuma yawan kowane iri yana bin abincin da dokin ya saba ci. Idan an kawo sabon abinci suna bukatar kwanaki kafin masu iya sarrafa shi su yawaita.

Abin da na yi wa Bikili shi ne na tura masa sitacin masara fiye da abin da ƙaramin hanjinsa zai iya narkarwa a ci ɗaya, ragowar ta gangara can baya inda ba wurinta ba ne. A nan ta yi tsami da sauri, ta tara iska, tsamin ya kashe halittun da ke narkar da ciyawa, ga kuma ƙarancin ruwa da ƙarancin harawar da za ta tura abin gaba. Na ga cewa maganar Kawu ta baƙo da bayanin likita abu ɗaya suke nufi. Kwanon da nake ajiyewa a gaban doki, waɗancan halittun na cikin hanjinsa nake ciyarwa tukuna, kuma marmarin bakinsa ba ya gaya mini ko sun shirya.

Likitan ya ƙara da wani gargaɗi da ban taɓa danganta shi da abinci ba. Ya ce dafin da ke fita idan waɗannan halittu sun mutu da yawa yana iya bin jini ya sauka a kofato, ya kumbura naman da ke riƙe ƙashin ƙafa a cikin kofaton, kuma wannan ciwon yana iya nakasa doki har abada. Alamarsa ita ce kofato ya ɗauki zafi, jijiyar da ke bayan wuyan ƙafa ta riƙa bugawa da ƙarfi, dokin ya tura ƙafafun gaba gaba yana jingina nauyinsa a na baya. Kwana 3 muka yi muna tsoma ƙafafunsa a ruwan ƙanƙara, ina shafa kofatan nan huɗu da tafin hannuna safe da rana da dare ina gwada ɗuminsu da juna. Allah Ya tsare, bai kamu ba. Sallar dai ban hau ba, a ƙasa na tsaya na kalli hawa a kusa da fadar Sarkin Musulmi, kuma da na koma gida na tarar da Kawu yana ba Bikili harawa da hannunsa, abin da kawai ya ce mini shi ne ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan mako 2 yana kan harawa da tsohon abincinsa kaɗai, cikin ya daidaita, amma ramar tana nan, don haka bukatar ƙara masa abinci mai gina jiki ba ta kau ba. Wannan karon na fara da awo. Likitan ya nuna mini yadda ake ƙiyasta nauyin doki da tef ɗin tela: a auna kewayen ƙirjinsa ta bayan ƙafafun gaba, a auna tsawonsa daga kan kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, a ninka kewayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Na Bikili ya ba da santimita 160 da 150, wato kimanin kilo 320. Doki yana bukatar busasshiyar ciyawa ko harawa da ta kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa kullum, ke nan nasa kilo 5 zuwa 6 ne, kuma da na rataya damin da nake ba shi a sikeli na ga ko kilo 3 bai cika ba. Wannan ya nuna mini cewa tun asali yunwar harawa ce ta rame shi, ni kuma na je ina neman maganinta a buhu. Sikelin ya kuma nuna mini cewa tiya ba ma'auni ba ce a wannan sha'ani, domin tiyar dawa ta haura kilo 2, tiyar dusa kuwa kusan rabin haka take, abincin buhun kuma nasa nauyin dabam. Duk wanda ya musanya tiya da tiya ya sauya yawan abincin dokinsa bai sani ba.

Saboda haka matakin farko bai shafi sabon abincin ba ko kaɗan. Na cije na sayi harawa mai ganye, na haɗa da harawar gyaɗa, na riƙa ƙara ta a hankali cikin mako guda har ta kai ma'auninta, ita ma ina gauraya sabuwar da ragowar tsohuwar, tunda harawar wata gona ba ta zama daidai da ta wata gonar ba a cikin doki irin wannan. Sai da wannan ya zauna sannan na buɗe buhun. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce a sauya abinci cikin kwana 7 zuwa 14, a fara da kashi ɗaya cikin huɗu na sabo, a koma rabi, a koma kashi uku, sannan a cika. Ga lafiyayyen doki wannan ya isa, amma Bikili na shimfiɗa masa mako 3, na fara da cikin tafin hannu ɗaya a kan dawarsa, ina ƙarawa duk bayan kwana 3, ina rage dawar daidai nauyin abin da na ƙara. Na raba hatsin gida 3 maimakon 2, babu cin da ya wuce kilo 1, kuma kullum harawa ce ke riga hatsi shiga cikinsa. Masara kuwa na cire ta gaba ɗaya. Na kuma kiyaye kada in haɗa sauyi biyu a mako ɗaya, ko da maganin tsutsa ne ko ƙarin kilisa, domin idan ciki ya ɓaci in san abin da ya ɓata shi.

A waɗannan makonni na koyi karanta kashin doki, abin da a da nake bar wa yaro ya share. Na ajiye ɗan littafi a aljihun rigar aiki, kowace safiya kafin shara in ƙirga tarin da ya yi in rubuta. Na Bikili 8 ne zuwa 10 a kwana da yini. Mai kyau curi-curi yake fitowa da ɗan danshi da sheƙi, ya faɗi ƙasa ya ɗan fashe, warinsa na ciyawa ne. Idan ya fito ƙanana, busassu, masu tauri da yauƙi a jikinsu, ruwa ya yi ƙaranci. Idan ya zube kamar na saniya yana tsami, hatsi ya yi yawa ko an yi sauri. A rana ta 10, da na kai sabon abincin kusan rabi, na tarar da tari biyu sun sake, bayan cinyoyinsa kuma ya ɓaci. Ban jira ya nuna ciwo ba, na koma ma'aunin da ya gabata na tsaya a kansa kwana 4 har kashin ya koma daidai, sannan na ci gaba da rabin ƙarin da na yi niyya. Na iya ƙirga bugun jininsa da yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi, na kuma sayi ma'aunin zafin jiki, wanda a doki mai lafiya yake nuna 37.5 zuwa 38.5.

Akwai wani gwaji da likitan ya koya mini wanda nake ganin duk mai doki a ƙasa mai rairayi irin tamu ya kamata ya sani. A ɗebi curi 5 ko 6 daga saman tarin kashi, inda bai taɓa ƙasa ba, a zuba a farar leda da ruwa, a dama, a rataye ta da kusurwa ɗaya a ƙasa. Bayan ɗan lokaci yashin da ke ciki zai kwanta a kusurwar. Da na yi wa Bikili na ji yashi ƙaras-ƙaras a tsakanin yatsuna, domin shekara da shekaru a ƙasa muke zuba masa harawa, shi kuma yana bin ganyen da ya kakkaɓe da leɓe yana haɗawa da rairayi. Yashin nan taruwa yake a babban hanji yana gurje shi, kuma ina kyautata zaton yana cikin abin da ya sa cikinsa ya zama mai saurin ɓaci. Na sa aka raba ganga biyu, rabi na harawa rabi na ruwa, aka shimfiɗa tsohuwar tabarmar roba a ƙarƙashi. Ruwa yanzu ba ya yankewa a gabansa dare da rana, kuma a tsakiyar bazara yana shan fiye da lita 40. Na ajiye masa gishirin lasa saboda gumin da yake zubarwa. Kanwa ban hana ba, don Kawu ba zai yarda ba, amma ɗan kaɗan ne, kuma ban ɗauke ta a madadin gishiri ba.

Inda ake sayo abincin ma abin lura ne, kuma a nan ba na sassauci. Abincin kaji yana iya ƙunsar wani magani da ake kira monensin, wanda kaza ke ci lafiya amma kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki ya kashe shi, don haka ba na sayen dusa ko hatsi a buhun da aka taɓa zuba abincin kaji, kuma ba na kai niƙa injin da ake haɗa shi. Masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke taɓa ƙwaƙwalwar doki, tunkuzar gyaɗar da ta sha danshi ita ma tana da nata mai cutar hanta. Kowane buhu sai na zura hannu har tsakiyarsa na ji ko da ɗumi ko dunƙulewa, na shinshina, kafin in biya kuɗi. Dusa kuma, duk da arharta da yadda doki ke son ta, ba a mayar da ita uwar abinci, domin sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam kuma ya yi kaɗan, kuma dokin da ya daɗe a kanta ba tare da isasshiyar harawa ba ƙasusuwansa kan yi laushi har na fuskarsa su kumbura. Harawar wake da ta gyaɗa su ne ke cike wannan giɓin.

Ban kai Bikili ga cin abincin buhu zalla ba, kuma ban yi niyyar kai shi ba. Da sabon ya kai rabin hatsinsa na ga haƙarƙarin ya rufe, gashin ya dawo da sheƙinsa, kashin kuma bai sake ba, sai na tsaya a nan. Kafin babbar Sallah ruwan farko ya sauka, fadamun bakin gulbin Rima suka yi kore, yara suka fara yawo da damman ɗanyar ciyawa a kan kekuna. Wannan ma sauyin abinci ne, har ya fi na buhu saurin sakin ciki, domin sabon tsiro ruwa ne da zaƙi, kuma dokin da ya yi wata 7 a kan busasshe ba ya ƙoshi da shi. Na fara ba shi runguma ɗaya da yamma bayan ya ci harawarsa, ina ƙarawa duk bayan kwana 3, na kuma gargaɗi yaron da ke fita da shi kada ya bar shi ya kai baki ga gyauron dawa, wanda makiyaya suka daɗe da sanin yana kashe dabba. Ranar hawa Kawu ne ya ɗaura masa sirdi da kansa, kuma kafin ya ja majayi sai da ya sake kara kunnensa a kuiɓin dama, ya saurari ƙugin cikin na ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini linzami. Da kakar da ta biyo baya na sayi harawar shekara guda a gona ɗaya ta wajen Kware, na jera ta a kan rumfa inda danshi da gara ba za su kai gare ta ba, na kuma ware dami 10 na tsohuwar da zan riƙa gaurayawa da ita har mako 2.